Filin Da Shanu Da 'Yan Wasa Suka Yi Tarayya

Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin likitan dabbobi a Arewa, kuma rabin wannan zamani ba wajen yi wa shanu allura ya tafi ba, wajen rabon faɗa ya tafi tsakanin mai gona da mai garke. Sa'ad da ya ajiye aiki ya riga ya yanke wa ransa cewa fili ɗaya ba ya ɗaukar buƙata biyu, sai dai mai ƙarfi ya kori marar ƙarfi. Wasan ƙwallon lambu kuwa, wanda Turawa ke kira golf, da tsufansa ya koya a Kaduna don motsa jini, amma bai daina ɗaukarsa wasan manya ba, na bayan shinge da maigadi a ƙofa.

A ƙarshen wani hunturu ya je ziyarar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a tsibirin Uist ta Kudu, yamma da ƙasar Sikotlan. Daga Mallaig ya shiga jirgin ruwa, tafiyar sa'a uku da rabi, ya sauka a Lochboisdale. Mutanen tsibirin ba su kai dubu biyu ba, da yawansu kuma har yau da harshen Gelik suke magana. Kwana huɗu ya yi bai leƙa waje ba saboda iska. Ran na biyar 'yar ta ce, "Baba, zaman ɗaka zai ƙara maka ciwon gwiwa. Na roƙi maƙwabcinmu ya kai ka filin Askernish."

Maƙwabcin nan tsoho ne mai 'yar gona da 'yan shanu. Da suka isa, Likita ya duba bai ga shinge ba, bai ga maigadi ba, sai wani ɗan gini da fili shimfiɗe har bakin tekun Atlantika. Irin wannan ƙasa machair suke ce mata, wato rairayin ɓawon katantanwar teku da iska ta taro, gajeriyar ciyawa ta rufe shi. Ba a zuba mata takin zamani ko maganin kashe ciyawa.

Bai yi bugu uku ba sai ga shanu kwance a tsakiyar hanyar ƙwallo suna tuƙa. Ya tsaya ya ƙare musu kallo da idon sana'a, ya ga ƙosassu ne, sa'an nan ya tambayi wanda ya bar su suka shigo. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Likita, ai su suka riga mu zuwa."

Suna tafe yana ba shi tarihi. A 1838 wani attajiri, Kanar John Gordon, ya sayi tsibirin, a 1851 kuma aka tusa ɗimbin talakawansa cikin jirage ala tilas zuwa Kanada. A 1891 surukarsa, Lady Cathcart, ta sa aka kira Old Tom Morris, gwanin wasan nan na St Andrews, ya tsara fili mai ramuka 18 domin baƙinta masu hali. A shekarun 1930 aka baje wani ɓangare don saukar jirgin sama, sauran kuma ya ɓace cikin tuddan rairayi. Sai a 2005 wani masanin kula da filaye, Gordon Irvine, ya zo ya gano sawunsa. A 2006 jama'ar wurin suka haɗa kai suka saye ƙasarsu a kan fam miliyan huɗu da rabi, a 2008 kuma aka sake buɗe filin, yanzu mallakar jikokin waɗanda aka mulka.

Ramuka shida na farko a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke, har Likita ya fara jin kansa. Daga na bakwai suka shiga tudda, a nan ya gane kurensa. Iskar teku ba ta san girma ba. Ya ɗaga ƙwallo sama yadda ya saba a Kaduna, iska ta ɗauke ta ta jefa cikin ciyawa. Wata ta faɗa ramin zomo, tsohon ya ce doka ta yarda ya ajiye ta gefe ba tare da tara ba. Ya kuma gargaɗe shi ya riƙa buga ta ƙasa-ƙasa ta gangara da kanta, gama wanda ya yi jayayya da iska a nan, da jakar da ba ƙwallo yake komawa gida. A rami na goma sha ɗaya suka tsaya kan tudu, tsibirin Barra na hange ta kudu, igiyar ruwa na dukan gaɓa a ƙasansu.

A nan Likita ya yi tambayar da ke cinsa, ya ce ashe dai akwai inda makiyayi da mai wata buƙata suka zauna ba a ji kansu ba. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce an ji kansu ƙwarai, domin waɗansu masu kiwo sun tsorata kada wasan baƙi ya cinye musu makiyaya, zumunci ya yi tsami, magana ta kai har kotun filaye ta Sikotlan. A ƙarshe wasa ya tabbata, kiwo kuma bai tsaya ba. Da hunturu dabbobi ke shiga, su rage ciyawar da ta yi kauri, su bar taki. "Mun yi faɗa," in ji shi, "amma babu wanda zai iya ce wa ɗan'uwansa tashi ka bar nan."

Likita ya yi shiru. Abin da ya faɗo masa shi ne gonar mahaifinsa bayan kaka, sa'ad da akan aika a roƙi Fulani su sauka da garkensu, shanu su ci kara su bar taki, a sallame su da damin dawa. Da idonsa ya ga wannan yana yaro, amma shekarun rabon faɗa suka mantar da shi, har ya ɗauka cuta ce asalin jiki, lafiya kuwa labari. Abin da ya rasa a gida ba faɗin fili ba ne kaɗai. An rasa sanin lokacin kowa, an kuma rasa yardar cewa kowa ɗan gida ne.

Ya gama ramukan 18 da bugu 108, ƙwallo huɗu sun salwanta, gwiwa tana zogi. Da magariba 'yar ta tarye shi a ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Wa ya ci?" Ya ce iska ce ta ci. Sa'an nan ya ce ta nemo masa takarda da alƙalami, akwai wasiƙar da yake so ya rubuta wa hakimin garinsu kafin kaka ta zo.