Gwanintar Sukuwa Tana ga Linzami

A bayan wani gareji da ke gefen babbar hanyar kwalta ta Tasawa, wadda ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram, akwai wata tsohuwar Peugeot 504 da ta daɗe a kan duwatsu, har kaji suka mai da ita akurki. Mutum biyu kaɗai ke ganin ta da daraja: makaniken da ke da garejin, da abokinsa na ƙuruciya, malamin lakwal a wani ƙauye na gundumar Mayahi. Tare suka tashi, tare suka ƙera motocin kara da na waya, a zamanin da ake jin labarin tseren Paris-Dakar a rediyo, motocin Turawa na keta Tenere suna sauka Agadas. Tseren ya bar Afirka tun 2009, amma ƙurarsa ba ta kwanta a zukatansu ba.

A hutun ƙarshen shekarar 2022 malamin ya zo da wata shawara. Ya ce a Amurka akwai tseren da ba ya bukatar hamada: motoci biyu ke jeruwa, su zabura a miƙe tsawon mita 402, wadda ta riga isa ita ta ci. Wani mai suna Wally Parks ne ya kafa ƙungiyar masu wannan wasa a Kaliforniya a 1951, domin ya janye samari daga tsere a kan titin jama'a. Makanike ya dubi motar, ya dubi abokinsa, ya ce: "Mushe, lalle kai da mushen mota kun dace." Suka yi dariya, suka tafa, aka ɗauko kaye na ƴan lakwal aka soma lissafi.

Sun yanke cewa ba za su wuce jika 400 ba, kowa rabi. Malam ya raba shafi gida uku: abin da ke akwai, abin da za a saya, da abin da za a cire. Gida na uku ya fi daɗi, don ba ya cin ko dala: kujerun baya, marufan ƙofofi, tayar ajiya da ƙarafan ɗaukar kaya. Duk nauyin da aka sauke wa mota gudu ne aka samu kyauta. Ita kanta motar ba a raina ta. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma a wannan shekarar ce ta ci tseren Safari na Kenya. Saboda haka kayan gyaranta ba su da wuya; ana iya samo su daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

A gida na biyu aka sami saɓani. Makanike yana son kuɗin su tafi ga inji: a sauke shi, a sake zobba da fulogi, a gyara mashaƙar mai. Malam kuwa ya ɗauki alli ya yi masa lissafi a jikin ƙofar gareji: idan gudun mota ya ninka biyu, tazarar da take bukata kafin ta tsaya tana ninkawa huɗu. Don haka birki da sababbin tayoyi, da ɗamarar kujera da hular kwano, su ne kan gaba. Da fari sun ɗauka kuɗin za su ishi ɓangarorin biyu.

Sai 2023 ta zo da nata. A ranar 29 ga Mayu Nijeriya ta janye tallafin man fetur, man kwalba da ake sayarwa a bakin hanya ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, kayan Kano suka yi wuyar isowa. Jika 400 ta tsuke, ya zama dole a zaɓi ɗaya: inji ko birki. Makanike ya ce a gyara inji, a gwada ta da asuba a kan kwalta bayan gari, birki ya biyo baya. Malam ya ƙi. Ya ce wannan hanya ta amalanke ce da garken dabbobi, da mata masu sammakon kasuwa, da yara irin waɗanda yake koyarwa. Ya tuna masa cewa ko a Amurka, bayan mutuwar direba Scott Kalitta a 2008, an rage tsawon fage zuwa mita 305 ga motoci mafi gudu, domin a ƙara musu filin tsayawa. Makanike ya ce tsoro ne ya sa tufafin ilimi. Malam ya nemi a mayar masa da rabinsa. Wata biyu ba wanda ya kira wani, abota ta shekara talatin ta hau duwatsu kamar motar.

Mahaifin makanike, dattijo da ya yi sukuwa a ƙuruciyarsa, shi ya aika a kira su. Suka zauna a ƙasa, kowa na kallon tabarma. Bai tambayi wa ke da gaskiya ba. Ya ce: "Ƴaƴana, kun taɓa kallon jafi a gaban sarki? Mahaya kan sako dawaki a guje kamar za su bi ta kansa, sai a taku na ƙarshe su ja linzami, doki ya turje, ƙura ta tashi, su ɗaga hannu. Sakin doki ko yaro ya iya. Wanda ake yi wa guɗa shi ne wanda dokinsa ya tsaya inda ya so." Makanike ya yi shiru, can ya ce: "Baba, mun ji." Ya juya ga abokinsa: "Mushe, ina kayen nan?"

Birki aka fara saya, sai tayoyi. Injin kuwa gyaran da ya samu bai wuce na tashi ba. Kujerun baya an cire su, amma buhunan gero da wake ne suka maye gurbinsu, domin motar ta koma jigilar ranar kasuwa tsakanin Mayahi da Tasawa, ana jefa ribar kowane sawu cikin asusun inji. A shafin ƙarshe na kayen sun rubuta sharaɗi da hannu biyu: ba tsere sai a killataccen fili, da izinin magajin gari da sanin jandarmomi. Sun riga sun auna mita 402 da igiya a wani fako, suka ƙara wasu 402 a bayansa domin tsayawa, suka kafa turaku. Har yanzu akuyoyi ne ke kiwo a tsakanin turakun.