Littafin Abla da lambobi shida

Na daɗe ina son in rubuta wannan, kunya ce ta riƙe ni. Ni ce mai karatun kwamfuta, shekara ta uku a jami'a a Kuala Lumpur. Ni ce ake kira daga Makka in wayar wani ta ƙi aiki. Kuma ni ɗin ce aka damfara riyal 400 cikin minti goma, ina zaune a kan gadona da kofin shayi a hannu. To tunda har na iya faɗin wannan, bari in faɗi sauran.

A Nakkasa na tashi. Wanda ya san unguwar ya san yadda take: gidaje a jikin dutse, lunguna da mota ba ta shiga, matakala sai ka yi haki, maƙwabtanmu 'yan Burma a dama, Hausawa da Barebari a hagu. Da aka fara rusau a wajen 2020, gidanmu na cikin waɗanda suka tafi. Babana ya samo mana haya a Waliyyul Ahdi, can kudu da gari. Kowa ya yarda sai mutum ɗaya, ƙanwar kakata, wadda muke ce wa Iya. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, a hannunta na koyi cin tuwo. Ta ce ita ba ta baro ƙasar Katsina don ta zauna inda sai an nemo mata mota kafin ta ga Ka'aba ba. Babana ya yi lallashi har ya gaji. Ƙarshe ta samu ɗaki a wani ribaɗi na mata, ba nisa da tsohuwar unguwarmu.

Ga waɗanda suka tashi a Landan ko Amurka, ribaɗi gida ne na wakafi. Wani bawan Allah ya gina, ya tsayar da shi don zawarawa, tsofaffi da marasa galihu su zauna kyauta, shi kuma ya nemi lada. Tsohuwar al'ada ce a Makka. Al-Fasi, mai tarihin garin da ya rasu a 1429, ya lissafa ribaɗai da dama a littattafansa. Na san abin da wasunku za su ce, wai Bahaushe ba ya kai tsohonsa gidan tsofaffi. Mu ma an faɗa mana, har a gaban idonmu. Amma Iya ce ta zaɓa, kuma wallahi ta fi walwala a can, tsakanin sa'o'inta.

Ribaɗin yana da mai kula, kowa na ce mata Abla. Ita ta buɗe zaure a WhatsApp ta zuba dangin tsofaffin a ciki. Nan muke jin labarin gida: an samu sabuwar mai shara, mai girki ta tafi hutu, mai gadi ya yi aure, wani ya kawo sadakar buhunan shinkafa, wance ta kwana asibiti. Ni da ke nesa, wannan zauren ne tagata. Kullum da safe shi nake fara dubawa kafin saƙon ƙawaye.

Watarana aka sanar cewa Abla za ta ajiye aiki saboda ciwon ƙafa, wata sabuwa za ta karɓa. Zauren ya cika da addu'a. Bayan kamar mako biyu sai ga saƙo daga lambar tsohuwar Abla, da hotonta da komai. Ta ce an kwantar da ita, za a yi mata aiki gobe, kuɗi sun gaza, tana jin nauyin tambaya amma ta ɗauke ni 'ya. Ta turo lambar asusu da sunan wani namiji, wai ɗan 'yar uwarta. Ban kira ba. Ban nemi ta yi mini saƙon murya ba. Na tuna ranar da ta kwana a kan Iya tana zazzaɓi, na tura. Da yamma Mama ta kira ni tana salati, ta ce ashe ba Abla ba ce, an sace mata WhatsApp. Ba ni kaɗai ba ce na tura.

Yadda aka yi, abin haushi, babu wata fasaha a ciki. Ɓarawo ya sa lambarta a tasa wayar. WhatsApp ya aika lambobi shida zuwa layinta, kamar yadda yake yi wa duk mai sabuwar waya. Sai ya rubuto mata, da sunan wata da ta sani wadda ita ma an riga an sace nata, cewa an yi kuskure an turo mata wasu lambobi, don Allah ta mayar. Ta mayar. Khalas. Tsofaffin hirarrakinta ba su je hannunsa ba, amma duk zaurukan da take ciki sun buɗe masa, da lambobinmu, da sanarwar da ke ta yawo cewa ba ta da lafiya. Mu da kanmu muka rubuta masa ƙaryar da zai yi mana. Da aka sake shigar da lambarta a wayarta an kore shi, sai dai ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki na biyu, don haka sai da ta jira kwana bakwai kafin ta koma ciki.

Da na zo hutu na tafi ribaɗin da niyyar yin wa'azi. Iya ta tare ni da dariya: "Kishiya, ashe bokon naki bai hana a ci kuɗinki ba?" Na ce, "Iya, ki bar tone-tone." Ta ce, "Zauna ki ci dabino, wanda bai taɓa faɗuwa ba bai taɓa tafiya ba."

A ofishin sabuwar Abla na ga abin da ya fi riyal 400 tayar mini da hankali. Wani littafi ne mai baƙin bango, irin na 'yan makaranta, a cikin aljihun tebur da ba ya kulluwa. Kowace tsohuwa da shafinta: lambar iƙama ko ta katin ɗan ƙasa, kalmar sirrin Absher, lambar katin banki. Wasu ma layin da saƙonninsu ke shiga ba a wayarsu yake ba, yana wayar tsohuwar Abla, wadda ta riga ta bar aiki.

Raina ya ɓaci, na fara magana da zafi. Matar nan ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ya binti, cikinsu nawa ne suka iya karatu? Wace ce ke ganin rubutun waya? In iƙamar ɗaya ta kusa ƙarewa, ko ana neman ganin likita, wa zai shiga mata?" Na yi shiru. Tun da aka buɗe Absher a 2010 harkokin hukuma suke ta komawa cikin waya, korona ta zo a 2020 da Tawakkalna, ga Nafath da yanzu kusan kowace ƙofa sai da ita. Ga mu matasa sauƙi ne. Ga matar da ta haura tamanin, dole ta miƙa makullinta ga wani. Littafin nan ba na mugunta ba ne, amana ce aka rubuta da biro. Amma amanar da ke aljihun tebur, duk wanda ya jawo aljihun ya same ta. Wanda ya riƙe Nafath ɗin tsohuwa yana iya neman buɗe asusu da sunanta, a wuce da kuɗin haram ta ciki, ita tana kan sallaya ba ta sani ba.

Kwana huɗu muka yi, ni da Abla da wata jikar maƙwabciyar Iya. Duk wadda ke da waya muka mayar da saƙonninta kan layin da ke da sunanta. Muka canja kalmomin sirri, tunda mai riƙe da tsofaffin ta tafi, ba don muna zarginta ba. Aka yayyage littafin, kowane shafi ya shiga ambulan, aka rufe a akwati mai makulli, ba a buɗewa sai mai shi tana wurin. Muka kunna wa ma'aikata tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Aka yi doka a zauren cewa ba a neman kuɗi ta rubutu, kuma duk wanda ya ga an nema ya kira ya ji murya. Labarin rashin lafiyar ma'aikaci ko barin aikinsa, a taƙaita shi. Saƙon damfara kuma a tura shi 330330, lambar da aka ware don haka.

Tsofaffin su ne aikin. Na ce musu banki ba ya kira ya tambayi lambar da ta shigo waya, Absher ma haka. In Nafath ta nuna lamba ba ku kuka nema ba, kar a taɓa. Wata ta ce, "To in ya yi sallama da ladabi fa, ya kira sunana?" Iya ce ta amsa mata: "Ɓarawon akuya ma da dusa yake zuwa." Aka kwashe da dariya, kuma na ga maganarta ta fi tawa shiga.

Na je gaida tsohuwar Abla a gidanta. Ta riƙe hannuna tana kuka, wai ta ja mana asara, har ta ɗauko kuɗi za ta biya ni. Na rantse ba zan karɓa ba. Matar da ta yi shekaru tana wanke tsofaffin mutane, ga ta tana neman gafarar yarinyar da ta kasa ɗaga waya ta kira.

'Yan uwa, yawancinmu muna da wata Iya a wani wuri, a Shara Mansur, a Jidda, a Kano ko Maraɗi. Muna tura kuɗi, muna tura hotuna. In kun kira gida wannan makon, ku tambaya: layin wa saƙon bankinta yake shiga, kuma wa ke riƙe da kalmar sirrinta? Ni ban taɓa tambaya ba sai da aka cuce ni.

Jiya Iya ta kira ni, ta ce wani ya bugo wai daga banki, ta ce masa ya jira kishiyarta ta dawo daga Malesiya. Ya kashe wayar.

Allah ya tsare mana tsofaffinmu, ya saka wa masu kula da su. Sai na ji daga gare ku.