Ranar Da Motar Baba Ta Durƙusa

Wata safiyar Litinin cikin hunturu na fito zan kai Baba asibiti, sai na tarar da motarsa ta durƙusa kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Gabanta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyin sun shige can ciki. Na tayar da ita, na jira ta miƙe kamar yadda ta saba, shiru. Sai jan rubutu ya fito a gaban direba yana cewa a tsaya, mota ta yi ƙasa da yawa. Baba yana zaune a bakin ƙofa riƙe da sandarsa. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Ita ma ƙugun ne ya kama ta?"

Marsandi ce S320, ƙirar 2001, daga cikin jerin da ake kira W220, waɗanda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005. Baba ya sayo ta daga Kwatano lokacin da ya kusa barin aiki. Ba a kan sifirin na ƙarfe take tsaye ba. A kowace taya akwai jakar roba cike da iska, haɗe da shokzoba, tsarin da kamfanin ya raɗa wa suna Airmatic. Wani ɗan kwamfiresa ne a gefen dama na gaba, bayan bamba, yake hura iskar. Daga nan ta bi ta wani akwatin bawuloli da ke rarraba ta ta siraran tiyo zuwa ƙafafu huɗun. Akwai kuma na'urorin da ke auna tsayin motar su sanar da kwamfuta, ita kuma ta ƙara iska ko ta rage. Shi ya sa idan ta faɗa rami sai ka ji kamar a kan katifa.

Wannan laushin shi ne dalilin da muke riƙe da ita. Tun da aka yi wa Baba aiki a ƙashin baya, ita kaɗai ce motar da yake shiga ya fita bai cije leɓe ba. Sau biyu a mako ake kai shi gashin ƙashi. A ranar sai da muka sa shi a ƙaramar motata, kuma duk ramin da muka shiga a fuskarsa nake karanta shi. Da muka dawo ko sallar azahar a kwance ya yi ta.

Gaskiyar magana, motar ta daɗe tana yi mini kashedi. Wata uku kafin nan nakan tarar da ita da safe ta ɗan karkata hagu, idan na tayar sai ta daidaita, ni kuma in ce ai ta gyara kanta. Daga baya gurnanin kwamfiresan ya riƙa daɗewa. Akwai daren da na ji shi yana ta aiki alhali makulli yana aljihuna. Na ce gobe, goben ba ta zo ba sai da ta zauna.

Garejin farko da na kira, ko bonet ba su buɗe ba suka ce kwamfiresa ne. Aka sayo na gwanjo aka ɗaura, mota ta miƙe, na biya ina godiya. Kwana goma sha tara ta sake durƙusawa. Wannan karon sai suka ce tsarin ne gaba ɗaya ba ya jure hanyoyinmu, a cire shi a sa mata sifirin, kowa ma haka yake yi. Yayana ya goyi baya. Ya ce, "Kai dai kana son wahala. Ko a sa ƙarfe, ko a sayar." Ban ga laifinsa ba, don shi ke biyan mafi yawan kuɗin magani. Amma na san idan aka sa ƙarfen, abin da ya sa muke riƙon motar ya tafi.

Wani abokin Baba ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya shekara da shekaru yana aikin motocin Jamus. Har gida ya zo, da ɗan akwatinsa da yaro ɗaya. Ya zagaya motar sau biyu bai taɓa ta ba, sannan ya tambaye ni wace ƙafa ce ta fara sauka, tun yaushe, kuma ko na taɓa jin kwamfiresa yana aiki bayan an kashe mota. Da na ba shi amsa sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, kwamfiresa ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi. Ka ba mutum tulu mai huji ka ce ya cika, ai sai ya faɗi."

Ya buɗe akwatin fis ya zaro wani ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana ba, rile ke nan, shi ke ba kwamfiresa wuta ya kuma yanke. Ya ce idan aiki ya yi masa yawa bakinsa kan narke ya manne, sai kwamfiresa ya yi ta juyawa har ya ƙone. Namu ya manne. Ashe an ɗaura mini sabon kwamfiresa a kan tsohon rile da tsohon huji. Ya canza rilen da fis ɗin da ya ƙone, ya ɗaura kwamfiresan gwaji da ya zo da shi, motar ta tashi a hankali.

Na ɗauka an gama, sai ya ce yanzu aka fara. Ya karɓi tef ɗin awo irin na tela, ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, ya rubuta a bayan kwali. Sannan ya cire kan batir. Ya ce in ba haka ba kwamfuta za ta riƙa daidaita motar ta ɓoye mana mai laifi. Ya ce kada kowa ya taɓa ta sai gobe.

Washegari ƙafar hagu ta gaba ta sauka da santimita shida, sauran ba su yi wani motsin kirki ba. Ya yi mini bayani: idan ƙafa ɗaya ce ke sauka, a nemi jakarta ko tiyonta. Idan duk motar ce, a fara zargin akwatin bawuloli. Idan kuma an rasa gane tsakanin jaka da bawul, sai a musanya tiyon hagu da na dama a jikin akwatin, in matsalar ta koma ɗaya gefen to bawul ne. Idan ba ta sauka amma tana hawa sama da ƙasa ba dalili, a duba na'urar auna tsayi, wani lokaci ɗan hannunta ne kawai ya karye.

Ya mayar da batir, motar ta cika, ya sa yaronsa ya kaɗa ruwan sabulu a roba. Ya zuba a kan shokzoban hagu, daidai inda tiyo ya shiga, a ƙarƙashin bonet. Muka tsaya muna kallo. Can sai kumfa ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya daga wani tsagi da ido ba ya gani. Ya ce wannan wurin sananne ne a irin wannan ƙirar, abin da aka liƙe saman da shi yakan tsage idan ya tsufa. Abin da ya cinye mini kwamfiresa biyu ke nan, ruwan sabulu ya tona shi.

Ya ba da shawarar a canza na gaba duka biyun tunda sa'o'in juna ne. Muka shiga Ƙofar Ruwa tare, ya zaɓa da hannunsa. Wajen ɗaurawa na ga bai yarda an sauke motar daga jak gaba ɗaya ba sai da iska ta fara shiga, ya ce jaka ba iska idan nauyi ya danne ta sai robar ta naɗe ta lalace tun a ranar farko. Ya canza matatar da kwamfiresa ke shaƙar iska ta ciki, wadda ƙurar hunturu ta toshe. Ya nuna mini kuma ɗan gwangwanin da ke tsotse danshi, ya ce idan ya gaji ruwa kan bi tiyo ya lalata bawuloli, musamman da damina.

Kuɗi sun tafi, ba zan ɓoye ba, kuma sai da na sayar da filin da nake tattali a bayan gari kafin na cike rabona. Yayana bai ce komai ba sai ranar da ya raka mu asibiti. Muka bi ta ramukan nan da ya sani, ya waiwaya ya ga Baba yana gyangyaɗi, carbi a hannu. Da muka sauka ya tambaye ni nawa ya rage wa dattijon, ya tura masa.

Yanzu tef ɗin yana cikin motar. Duk ranar Asabar da safe, kafin in tayar da ita, nakan zagaya in auna ƙafafu huɗun in rubuta. Baba yakan leƙo ta taga ya ce, "Likita, yaya mai jikin?" In ce da sauƙi, Baba. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya jiƙan namu da suka rigaye mu.