Daren Da Na Kwana A Ƙofar Yankari

Gidanmu yana Ƙofar Kware a birnin Sakkwato, kusa da hanyar da mutanen Kware da Gwadabawa da Illela suke bi su shigo gari. Tun zamanin kakana ba a hana baƙo zaurenmu. Duk wanda dare ya yi masa, ko mai albasa ne, ko wanda ya kawo mara lafiya asibiti, ko almajiri mai neman malami, in ya yi sallama za a ba shi tabarma da buta da abin da ya sawwaƙa na tuwo. Da yake ni ne babba cikin yara maza, ni ake aike da waɗannan kaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, aikin nan ya daɗe da isata.

Wata rana da dare cikin sanyin shekarar 2022, wani dattijo ya yi sallama da buhu a kansa. Ina cikin kallon ƙwallo a waya, sai na leƙa na ce masa maigida ba ya nan, kuma zaure ya cika. Alhali kuwa Baba yana ciki yana cin abinci, zauren kuma ba kowa sai akuyarmu. Dattijon bai ce uffan ba, ya gyara buhunsa ya wuce. Ban taɓa gaya wa kowa wannan magana ba sai yau, ga shi kuwa na san Baba zai karanta mujallar nan.

Abin da ya sa na tono ta shi ne tafiyar da muka yi zuwa gandun daji na Yankari ni da Kawuna, a hutun Disamba da aka rufe makarantu cikin shekarar 2023. Malaminmu na labarin ƙasa ne ya sa mini son wurin. Shi ya koya mana cewa dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Ya kuma ce garken giwayen da ke cikinsa yana daga cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Ni kuwa ban taɓa ganin giwa ba sai a littafi. Kawu yana sayar da takalma da jakunkunan fata, yakan kai su Bauci, sai ya yi mini alkawari in na ci jarrabawa zai tafi da ni. Na ci, shi kuma ya cika.

Baba ya kafa sharaɗi ɗaya, watau kada mu yi tafiyar dare. Muka yi sammako muka bi ta Gusau da Funtuwa, muka kwana a Kano, kashegari muka bi ta Birnin Kudu da Ningi muka isa Bauci kafin azahar. A nan ne lissafi ya fara ɓaci. Kawu ya ce zai shiga kasuwa ya karɓi kuɗin kayansa, minti goma ya fito. Duk wanda ya san ɗan kasuwa ya san irin wannan minti goma. Sai da aka yi sallar la'asar muka bar garin. Na tuna masa sharaɗin Baba, ya ce, "Kai yaro, kwantar da hankalinka. Wurin da Turawa ke zuwa ai ba a rasa masauki. Muna sauka a ƙofa, ga ɗakuna nan jere."

Muka shiga motar hanyar Gombe muka sauka a Dindima, inda gada ta ƙetare kogin Gongola. Daga nan ake ratsewa kudu zuwa Mainamaji, ƙauyen da babbar ƙofar Yankari take. Muka zauna muna jiran wata ƙaramar mota ta cika, ina kallon rana tana gangarowa. Ko da muka isa Mainamaji an riga an yi magariba, duhu ya fara rufe itatuwa.

Mai gadin ƙofar ya karɓe mu da fara'a, amma abin da ya gaya mana ya sa gabana ya faɗi. Ashe ɗakunan baƙi ba a bakin ƙofa suke ba, suna can sansanin Wikki, tsakiyar daji, fiye da kilomita 40 daga inda muke tsaye. Motar haya ba ta shiga, sai wanda ya zo da tasa, ko kuwa ya sami mai rage masa hanya. Kawu, don ƙarfin hali, ya tambaya ko akwai mai babur. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, da daren nan? In giwa ta tare muku hanya, wa za ku kira?" Muka waiwaya, motar da ta kawo mu ta riga ta yi gaba. Na duba wayata, caji ya ƙare tun a Dindima.

Jama'a, sanyin Sakkwato na san shi, amma na bakin daji dabam ne. Iska tana fitowa daga cikin itatuwa tana ratsa riga kamar ba a sa ba. Muka je wurin wani mai shayi, Kawu ya tambaye shi otal. Ya ce shi dai bai san wanda zai nuna mana da daren nan ba, sai dai mu koma Bauci, motar Bauci kuwa sai da safe. Ya nuna mana wani gida mai babban zaure, ya ce mu gwada can.

Muka je Kawu ya yi sallama har sau uku. Can sai wani yaro sa'ana ya leƙo, ya dube mu sama da ƙasa, ya ce maigida ba ya nan. Na ƙura masa ido ina neman in gane ko gaskiya yake faɗi. Wataƙila gaskiya ce, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, da muka juya, jakar da ke kafaɗata ta ƙara nauyi, kuma ba abin da nake gani sai dattijon nan yana gyara buhunsa a ƙofar gidanmu. Ban taɓa tambayar kaina inda ya kwana ba sai a wannan lokaci.

Aka kira sallar lisha, muka shiga masallaci. Da liman ya sallame, na ga Kawu yana ta murza hularsa, gama mutum ne mai jin kunyar roƙo. Daga bisani dai ya miƙe ya ce, "Jama'a, mu baƙi ne, dare ya yi muna a garin wanga, muna biɗar wurin kwana." Sai wani tsoho a sahun gaba ya juyo yana dariya, ya ce, "Ba sai ka faɗi garinku ba, tun daga 'wanga' na san Basakkwace ne. Mutanen Shehu ba sa kwana a waje ina raye. Ku tashi mu tafi."

Gidansa na ƙasa ne, a gefen gari, zauren kuma bai kai rabin namu ba. Ya kira ɗansa ya ce ya kawo tabarma da bargo. Da yaron ya kawo, na lura da yadda ya ajiye bargon yana ɓata rai, na gane nasa ne aka karɓe. Na san wannan fuska sarai, don na sha yin irinta. Na so in ce ya bar abinsa, amma sanyi ya hana ni. Aka hura wuta da karan dawa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ga alama rabon wasu ne aka rage. Na ci har na suɗe kwano.

Hirar da aka yi a daren nan ta fi mini abin da na gani a cikin dajin. Tsohon ya tambaye ni abin da ya kawo ni tun daga Sakkwato, na ce na zo ganin giwa ne, Baba. Ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah! Ku kuna biyan kuɗi ku gan ta, mu kuwa muna neman wanda zai raba mu da ita." Ya ba mu labarin yadda giwaye kan fito daga daji in amfanin gona ya nuna, su shiga gonar dawa ko masara, abin da mutum ya yi damina guda yana wahala a kansa su gama da shi kafin asuba. Saboda haka in kaka ta yi, maza kan kwana a gona suna hura wuta suna buga gwangwani. Na tambaye shi ko yana so a kashe su duka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a'a, su ma halittar Allah ne, kuma saboda su ne 'ya'yan garin da yawa suka sami aikin gadin daji, sunan Mainamaji ya kai inda bai taɓa zato ba. "Amma," in ji shi, "ranar da ta cinye maka gona, ba za ka tuna da wannan ba." Malaminmu bai koya mana wannan ɓangaren ba, ko da yake ban ga laifinsa ba, littafin ma bai faɗa ba.

Da aka kwanta barci ya ƙi zuwa. Ina jin kukan tsuntsayen da ban san sunansu ba, sai na tuna abin da kakana yakan faɗa, cewa unguwarmu da can ƙofar ganuwa ce ta gaske, mai ƙyaure. Kyaftin Clapperton, Baturen da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta cewa ana rufe ƙofofin Sakkwato da faɗuwar rana. Ke nan fataken da suka makara a kan hanyar Kware haka suke tsayawa a waje da jakunansu, kamar yadda muka tsaya ni da Kawu, suna duban wanda zai ce musu bismilla.

Da gari ya waye, tsohon da kansa ya raka mu ƙofa, ya roƙi direban wata mota mai kai kayan abinci Wikki ya ɗauke mu. Muka biya kuɗin shiga, muka hau bisa buhunan shinkafa. A sansanin muka sami ɗaki mai araha ba wahala. Na yi wanka a ruwan Wikki, wanda ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne rani da damina. Wani gwaggon biri ya fizge burodin da ke hannun Kawu ya hau bishiya yana ci yana kallonsa. Da yamma aka zaga da mu gefen kogin Gaji, muka ga gwambaza da gadu da mazo. Giwa kam ban gan ta ba, sai sawunta da kashinta a kan hanya. An ce sai rani ya yi tsanani, wajen watan Maris, dabbobi suka fi taruwa a bakin kogin.

A hanyar komowa muka biya gidan mai masaukinmu. Kawu ya miƙa masa kuɗi, ya ɓata fuska ya ce shi ba otal ya buɗe ba. Da ƙyar ya karɓi takalmi ɗaya na fata. Ni kuma na ba yaron nan hular sanyina, ya karɓa bai ce komai ba, amma ya ɗauki jakata har bakin mota. Da za mu rabu tsohon ya riƙe hannuna ya ce tun yana saurayi yake da burin ziyartar Hubbaren Shehu, in Allah ya nufa ya zo, a gidanmu zai sauka. Na yage takarda daga littafina na rubuta masa kwatance, na ce in ya iso Ƙofar Kware ya tambayi gidan da ke da zauren baƙi, kowa ya sani.

Har yanzu bai zo ba. Na dai gaya wa ƙannena, duk wanda ya yi sallama da dare kada kowa ya amsa masa daga bayan ƙyaure, a kira ni, domin ban ba su kamanninsa ba, kuma ban san ranar da zai zo ba.