Daga Tiga Zuwa Nguru: Ruwan Da Muka Tare, Na Wane Ne?

A hutun ƙaramar Sallah yara suka matsa wa maigida lamba sai an kai su Tiga. Muka ɗaura dambun shinkafa da soyayyen nama, muka bi hanyar Zariya, muka wuce Kura da Kadawa, inda ko'ina ka duba kore ne shar, ga tumatir ga albasa, alhali ana tsakiyar rani. Wannan duk albarkar ruwan Tiga ce.

Da muka isa, autana ya riƙe mini zane yana tambaya ko wannan ne teku. Ban ga laifinsa ba, domin tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 178. An kammala ginin madatsar a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tare Kogin Kano da bango mai tsawon kusan kilomita 6. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, iska mai sanyi na kaɗawa, masunta na kai da komo cikin kwalekwale, can kudu kuma ga dajin Falgore. Ranar na ce a raina, ina ma a ƙara wa bangon nan tsayi, ruwa ya ƙaru, kowa ya huta.

Bayan wata biyu biki ya kai ni Nguru, gidan ƙanwar mahaifiyata. A nan ne na gane ban san komai ba. Ina ba ta labarin Tiga da ɗoki, sai ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan, ai ruwanmu ne kika je kika gani."

Ga yadda abin yake. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma idan ya wuce garin Haɗeja sai ya bazu cikin fadamu, ya gamu da Kogin Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. A da, kowace damina ruwa kan malale fadamun nan, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, a shuka shinkafa. Idan ruwa ya janye a yi noman rani a kan laima, Fulani su kawo shanu kiwo. Da aka tare Tiga, aka kuma tare Challawa a 1992, sai ambaliyar ta ragu. A maimakonta ana sako ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani, ƙasar da ta saba jiƙa ta bushe ta daina bushewa.

Wannan ne ya yi wa kacalla daɗi. Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsawo, ba ta son komai sai ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Inna ta sa ɗanta ya ɗauke mu a kwalekwale, muka shiga wata siririyar hanya da aka sare a tsakiyarta, dama da hagu ba ka ganin komai sai ita. Ta toshe magudanai, ruwa ya kwanta a gonakin wasu, wasu garuruwan kuma ya daina isa gare su. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Sauro ma nan ne gidansa.

Amma duk da haka, uwargida, wurin nan yana da kyau. Da muka fita fili sai ga kirinjijiya garke guda sun tashi suna fito, ga dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Da sanyi kuma agwagin daji kan taso tun daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a nan. Saboda su ne Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin karewa. Tsuntsun da ya sha wannan doguwar tafiya, idan ya tarar da kacalla ko busasshiyar ƙasa, ina zai nufa?

Shi ya sa duk lokacin da na ji ana maganar ƙara girman madatsa, ko gina sabuwa irin ta Kafin Zaki da aka daɗe ana muhawara a kanta, nakan tuna fuskar Inna. Taku ɗaya na bango ba ƙaramin abu ba ne. A 1992, da aka rage tsayin mazubar ruwan Tiga da mita uku da rabi don lafiyar ginin, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take iya riƙewa ne ya ragu. To haka ma idan an ƙara: a sama ruwa ya cinye gonaki da bishiyoyi da inuwar da muke shimfiɗa tabarma, a ƙasa kuma a rage wa mai kifi da mai shinkafa rabonsu.

Ban ce kada ki kai yara Tiga ba. Ki kai su, ki riƙe hannunsu a bakin ruwa, kada ki bari su shiga wanka saboda zurfi da cutar tsargiya, ki kuma kwashe ledojinku idan za ku tafi. Sai dai ki faɗa musu inda ruwan nan yake nufa, da mutanen da ke jiransa.

Da zan taho, Inna ta ƙulle mini busasshiyar tarwaɗa ta ce, "A da kwando nake ba baƙo, yanzu sai ƙulli. Ki yi haƙuri." Har muka iso Kano maganar nan tana raina.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.