Ɗan Dakalin Da Ke Titin Ikorodu

Mu biyar ne a kulob ɗin nan muke zuwa makaranta daga Mil 12. Da an sallame sallar asuba sai mu bi ta gefen kasuwa, mu ratsa tsakanin manyan motocin tumatir da albasa da suka kwana a hanya daga Arewa, mu je mu shiga layin BRT. Mun tashi mun tarar da motar nan, shi ya sa ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ta zo ba, sai ranar jarrabawar lissafi ta zangon da ya wuce.

Ran nan layi ya yi tsawo har ya lanƙwasa. Ɗaya daga cikinmu kuma katinsa na Cowry babu ko sisi. Muka ce ba ma tafi mu bar shi ba, muka faɗa danfo. Kafin mu kai Ojota gosulo ya riƙe mu. Muna zaune, zufa na zuba, kwandasta na faɗa da wata mata kan canji, mu kuwa idonmu na kan ɓangaren titin da ke gefenmu, wanda yake fayau. Motar BRT ta wuce, wata ta bi bayanta, wata ma ta bi. Muka iso an riga an raba takarda, malam ya dube mu, ya dubi agogo, bai ce uffan ba. Ba ma son a tambaye mu makin da muka ci.

A cikin danfon nan muka gane abin da ke kai mu makaranta da wuri. Injin motar bai fi na sauran ba, direbanta ma ba aljani ba ne. Wani ɗan dakalin siminti ne, wanda ko gwiwa bai kai ba, da aka shimfiɗa a titi aka ce nan ɓangaren bas ne ita kaɗai.

Da muka bincika, muka tarar an buɗe layin ranar 17 ga Maris, 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, daga Mil 12 zuwa CMS, tafiyar kilomita 22. Hukumar LAMATA ce ta tsara shi. Dabarar ba a Legas aka fara ta ba, birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ya soma tun 1974. A 2015 aka ƙara layin daga Mil 12 zuwa garin Ikorodu, a can kuma tsakiyar titi aka ba shi, sai ka hau gadar masu ƙafa kafin ka kai tasha.

Sai muka koma wurin iyayenmu a kasuwa. Wani dattijo mai sayar da attaruhu, abokin baban ɗayanmu, ya ce mana: “Yara, ku ba ku san molue ba. Mutum ya shiga da farar riga ya fito kamar ya yi dako, aljihu kuma an yanke.” Ya ce da aka fara zuba dakalin, mutane da yawa sun yi ta tsaki, wai titin da bai ishi motoci ba shi za a ƙara ragewa. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne direbobin haya ba a kore su gaba ɗaya ba. An jawo ƙungiyarsu ta NURTW, 'ya'yanta suka haɗa kai suka karɓi bashin banki suka sayi motocin farko. A ganinmu nan ne masu tsarin suka yi wayo, don wanda ke da hannun jari a mota ba zai tare mata hanya ba. Dokar ma an tsaya mata: a 2012 gwamna da kansa ya tsayar da wani kanar na soja da ya bi ta ɓangaren bas.

Amma ba duk gidajenmu ne ake yabon abin ba. Yayan ɗaya daga cikinmu ɗan acaba ne. Dokar 2012 ta hana su bin manyan tituna, har da titin Ikorodu, a 2022 kuma hanin ya iso ƙaramar hukumarmu ta Kosofe. Da muka ce masa muna rubutu kan BRT, dariya ya yi ya ce: “Ƙanena, ku rubuta cewa titi ya yi kyau, ni kuma babur ɗina yana jingine a soro.” Daga wannan babur ɗin kuɗin littattafan abokinmu ke fitowa. Mun yi shiru, don ba mu da amsa.

Akwai kuma matan da ke sarin kaya da sassafe. Layin daga bakin babbar kasuwar kayan gwari ya tashi, amma mai kwando biyu na tumatir ba ta da inda za ta ajiye su a ciki. Ita har yau danfo take bi, a cikin gosulon nan da ya cinye mana rabin sa'ar jarrabawa, tumatir ɗinta na laushi a rana.

Yanzu dai mun yanke shawara a tsakaninmu. Duk ranar Lahadi da yamma kowa zai duba katinsa, wanda nasa ya ƙare mu haɗa masa. Mun kuma matso da fitowarmu da minti ashirin, ko da layi ya lanƙwasa ba za mu sake barinsa ba. Jarrabawar lissafi ta wannan zangon ranar Talata ce.