DALA TA MAIDUGURI: INDA BATIR YAKE GABA DA KYAMARA

Duk Bahaushen da ya ji an ambaci Dala, dutsen nan na Kano ne zai fara faɗo masa a rai. To, amma akwai wata Dalar a Jihar Barno wadda ba ta da dutse ko tudu. Unguwa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi a gefen Maiduguri, kusa da Bulunkutu, wadda mazaɓarta ta Dala Lawanti take cikin Ƙaramar Hukumar Jere. Baƙon da ya nufe ta daga cikin gari sai ya hau Keke Napep, domin tun shekarar 2011 aka hana hawan babur a birnin. Zai wuce layukan itatuwan darbejiya waɗanda Yerwa ta yi suna da su, har kwalta ta ƙare, ya shiga lunguna masu gidajen bulo da na kwano, yara na tura kurar ruwa, mata na wucewa cikin lafaya.

Dala tana cikin unguwannin da suka cika suka batse sa'ad da rikici ya koro mutane daga ƙauyukan Barno. Da yawa daga cikin waɗanda suka sauka nan sun iso ne da tufafin jikinsu kaɗai, sun bar gona da dabbobi, sun kuma bar hotunan iyaye da kakanni a bangon ɗakunan da ba su sake gani ba. Saboda haka hoto a wannan unguwa ba abin wasa ba ne. Ana bukatarsa don takardar makaranta da ta neman aiki, ana kuma bukatarsa ranar suna da ranar aure, watau ranakun da iyali yake sake kafa tarihinsa daga fari. Wata 'yar Maiduguri, Fati Abubakar, ta gane haka tun 2015, lokacin da ta fara ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Barno da sunan Bits of Borno, don duniya ta ga cewa a garin akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da amare, ba gawa da toka kaɗai ba.

Mai hoton unguwa kuwa, wanda ke rataye kyamara a wuya yana bin gidajen biki, babban abokin gabansa ba ƙura ba ne, ba kuma wayar hannu ba ce, ko da yake ta rage masa ciniki. Batir ne. Bikin Barebari kwanaki yake ɗauka, daga ranar lalle zuwa daren wushe-wushe, kuma yawancin abin da ake so a ɗauka da dare yake faruwa, lokacin da dole a kunna fitilar kyamara a kowane hoto. Fitilar nan kuwa ita ce sarkin shan batir. In ya mutu daidai lokacin da aka fito da amarya, ba a mayar da ita ɗaki a jira caji. An yi hasarar hoton har abada, mai hoto kuma ya yi hasarar gidan, da dangin gidan, da maƙwabtansu.

Wannan damuwa ta kai matuƙa a 2021. A watan Janairu na wannan shekara 'yan tada ƙayar baya suka fasa turakun babban layin da ke kawo wutar lantarki daga Damaturu. Aka gyara cikin watan Maris, jama'a suka yi murna, ba a yi mako ba aka sake fasa su. Maiduguri ta shafe kusan shekara guda cikin duhu. A lokacin ne rumfunan caji suka zama kamar rijiya a unguwa, kowa da safe ya kai wayarsa, mai hoto kuma ya kai batiransa, ya biya, ya karɓi lamba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin NNPC ya gina wa birnin. An sami sauƙi, amma darasin shekarar duhu bai fita daga zukatan masu sana'a ba.

Bayan rashin wuta sai zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Maiduguri yakan haura digiri 40, batirin litiyam kuwa, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991 kuma kusan duk kyamarorin yau suke amfani da shi, ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi, musamman in yana cike da caji. Ko a ƙasa mai sanyi, bayan an cika shi an juye sau ɗari uku zuwa ɗari biyar ƙarfinsa yakan ragu. Wanda ya wuni a rumfar kwano, jone da janareta mai wutar da ke hawa tana sauka, ba ya kai haka. Shi ya sa batirin da bara yake kai mutum tun hantsi har isha, bana sai ya gaza kafin la'asar.

A nan ne mai hoto yakan fara tunanin sauya kyamara, a nan ne kuma da yawa suke yin kuskure. Kyamarar da ke saurin mutuwa sau da yawa lafiyarta ƙalau, batirin ne ya tsufa, ko kuma jabu ne tun asali, domin kasuwa cike take da batura masu tambarin manyan kamfanoni waɗanda ba su taɓa shiga masana'antarsu ba. Mai ƙaramar kyamara irin mai cin batir ƙirar AA shi ma yakan zargi na'urarsa, alhali batirin tocila yake zuba mata, wanda ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci ɗaya. Da zai sami irin na NiMH da ake sake cikawa, da ya ga bambanci.

In kuwa sauyin ya zama tilas, akwai lamba guda da ta fi lambar megafiksel amfani ga mutumin Dala. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, wadda ake kira CIPA, tana da ma'aunin yawan hoton da kyamara za ta ɗauka da caji ɗaya. Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, an auna mata hoto 1,550. Canon EOS M50, ta wannan shekarar, 235 ne nata. Dalili shi ne ta farko tana da madubi, mai hoto yana leƙawa ta gilashi ba tare da an kashe wuta ba, ta biyu kuwa ba madubi, allonta da idonta a kunne suke muddin tana buɗe. Marasa madubi sun fi sauƙin ɗauka, sun kuma fi kyau wajen bidiyo, wasunsu ma ana cika su da fawa banki ko ƙaramar sola, amma sai an haɗa da batir biyu ko uku a aljihu. Sai dai mai saye ya tuna cewa a ɗaki mai sanyin digiri 23 ake yin wannan awo, ba a Dala cikin bazara ba. Wanda zai sayi ta hannu kuma, ya tambayi ko ana samun batirinta da cajarta a Kasuwar Litinin ko a Kano kafin ya tambayi kuɗinta.

Ba yau wannan matsala ta fara ba. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak na Amurka a 1975, batir 16 take ci, tana kuma ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya. Tsofaffin masu hoto na zamanin fim, waɗanda suka riƙe irin su Pentax K1000, ba su san wannan wahala ba, don kyamararsu tana harbawa ko babu batir. An huta da sayen fim da wanki, an ɗauki bautar caji.

Da yamma, in rana ta yi sanyi, mai hoton Dala yakan bi ta rumfar caji ya karɓi batiransa, ya taɓa su ya ji ko sun yi zafi, ya naɗe su cikin ƙyalle ya sa a aljihu. Sa'an nan ya kashe allon kyamara, ya nufi inda ganga take tashi. Allah ya ba mai nema sa'a, ya kuma dawwamar da zaman lafiya a Barno.